Jaket Mai Ƙyalli a Kasuwar Zurmi

A duk shekarun da na yi ina zaɓen kayan sanyi na yara, akwai wata ranar kasuwar Zurmi da har yau ba ta bar zuciyata ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya, ku saurara, ko Allah zai sa ta amfane ku.

Aikina a shagon maigidana Alhaji Sambo, a Ƙaura, shi ne hasashe. Kayan sanyi ba a sarinsu lokacin sanyi. Tun gero yana tsaye a gona nake tafiya Kano in zaɓo abin da yara za su sa bayan kaka, domin wanda ya jira sanyi ya shigo, saura zai tarar. Sai mutum ya karanci shekara tun ba ta zo ba. Wace kala yara suka fi so a Sallar da ta wuce? Me mata suke nuna wa juna a waya? Yaya damina ta yi? Idan rumbu ya cika, uba kan sayi jaket. Idan bai cika ba, suwaitar gwanjo ta wadatar. In na gama zaɓe sai in sa wa kowace dila alama da ajami, ta Ƙaura daban, ta Shinkafi daban, ta Zurmi daban.

A shekarar da nake ba ku labari, abin da ake yayi wata jaket ce mai hula, ja ko ruwan ɗorawa, da wani tsiri a hannu da baya wanda ke ƙyalli idan haske ya taɓa shi. Dillalan Kano suka ce an yi tsirin ne don direba ya hango yaro a titi. Da Alhaji ya gan ta ya yi dariya, ya ce ko shi da furfurarsa zai sa in akwai daidai shi. Muka cika dilolin duka da ita. A cikin garin Ƙaura kuwa hasashen bai kuskure ba, kafin sanyi ya kankama ta kusa ƙarewa.

A Zurmi abin ya sha bamban. Mutanen ƙauye su ɗaga, su juya, su ajiye, kuma ba wanda ya ce ta yi tsada. Wajen azahar sai ga Inna Hassi, wata tsohuwa da ta daɗe tana sayen kayan jikokinta a wurina. Kasuwar da ta gabata ta saya wa jikanta Bello ja, yaron da take riƙo shi da ƙanwarsa tun da ɓarayin daji suka kashe ubansu. Ta kwance ƙullinta ta fito da jaket ɗin. Duk an shafe ta da laka da toka, amma tsirin yana nan yana walƙiya.

Na tambaye ta ko ta yi masa kaɗan ne. Ta ce a'a.

"Ɗana, mu yanzu daji muke kwana. Su ko ɓarayin da tocila suke bi. Maza sunka ce ko in tuɓe mai wagga riga, ko mu ware mu nemi wurinmu."

Ta tuɓe masa. Tun daga nan yaron yake kwana a ƙasa da 'yar rigar shan iska, ga tari ya kama shi. Abin da take so kawai in musanya mata da mai duhu.

Ba ni da ko ɗaya. Na zaga rumfunan maƙwabta, kowa irin nawa ya baje, don wuri ɗaya muka yi sari. Na sa reza in farke tsirin, ashe ba ɗinki ba ne, manne shi aka yi. Na juya ta bai-bai, cikinta fari fat. Wani marini da ke kusa ya shafa ta ya ce irin wannan yadi ba ya shan baba. Sai na kira Alhaji a waya na gaya masa. Ya ce akwai ragowar suwaitar bara masu ruwan ƙasa a sito, in kwashe su duka in kai Zurmi, kada in yi wa kowa zancen farashi. Na ba Inna baƙin ƙyallen da nake shimfiɗa kaya a kai ta lulluɓa wa yaron, na ce kasuwa mai zuwa in Allah ya yarda zan zo mata da suwaitar.

Da kasuwar ta zagayo, ba motar da ta tashi. An tare hanya, direbobi suka ce ba mai kai kansa. Sai a ta gaba na samu shiga. Na ware suwaita daidai Bello na ajiye a gefe.

Inna ta zo a makare. Muka gaisa, ta zauna, na miƙa mata. Ta shimfiɗa ta a cinya, ta auna da tafin hannu kamar yadda ta saba.

"Ta yi yawa," ta ce. "Duba mani ƙarama, ta ƙanwarshi."

Na yi salati. Ta ce sanyin ya sauka masa a haƙarƙari, kuma ba hanyar kai shi asibiti. Ba ta zargi kowa ba, cewa ta yi kwana ne ya ƙare. Na yi mata gaisuwa, na lalubo ƙarama. Ta duba ta ciki da waje, ta ɗaga ta ga rana don ta tabbatar ba abin da ke ƙyalli, sannan ta ƙulle ta tafi.

Rai na Allah ne, shi ke bayarwa shi ke karɓa. Amma tun daga ranar na gane sana'ar nan ba sanin yayi ba ce kawai. Yanzu kafin in tambayi kalar da ake so, sai na tambayi direbobi da mutanen ƙauye inda yara suke kwana bana. Dilar Zurmi da ta Shinkafi ba na sa musu sai baƙi da ruwan ƙasa, masu kauri, waɗanda ba sa ƙara in yaro ya motsa. Wasunku suna yi mani tsiya wai kayana ba ado. Gaskiyarku, ba su da shi. Ku taya ni addu'a Allah ya nuna mana shekarar da uwa a Zurmi za ta tsaya gaban rumfata ta ce ɗanta ja yake so.