Inna Kulu, Mai Ɗanɗanar Hatsin Ɗangora, Ta Kife Kofuna

Shekara talatin da takwas safiyar Inna Kulu iri ɗaya ce. Idan ta idar da sallar asuba ba ta karyawa. Takan shimfiɗa tabarma a gindin rumbu, ta jera ƙananan kofunan gilashi irin na masu shayi, wata rana huɗu, wata rana bakwai. A cikin kowanne akwai kunu tsararo, ba sukari, ba tsamiya, ba kayan yaji, kuma kowane kunu daga buhu dabam ya fito. A dutse take niƙa hatsin da hannunta, don ta ce inji yana bar wa garinka warin abin da aka niƙa kafin naka.

Sai ta ɗauki kofi ta sansana, ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye, ta yi shiru. Ta kurkure baki da ruwa, ta ɗauki na gaba. Masu hatsin suna tsaye a zaure suna jira. Idan ta gama sai ta fito ta faɗa musu: wannan dawar shekararta biyu a rumbun ƙasa, wannan masarar an ɗura ta a buhu da sauran danshi, wannan dauron na kan tudun Doguwa ne, zaƙinsa sai an haɗiye yake dawowa, wannan kuwa an zuba masa maganin ƙwari, kada a ba yara.

Aikin ke nan. Ba shi da suna a kowane ofis. Amma dillalan hatsi, da manoma masu neman iri, da matan da za su yi kunun suna, daga Ba'awa har Burumburum, sun san ƙofar gidanta a Ɗangora.

Malam Balarabe, shugaban wata ƙungiyar manoma a Ba'awa, ya ba ni labarin shekarar da ruwan farko ya yi musu yoyo a ɗakin ajiya, ya wanke rubutun da ke jikin buhunan iri goma sha ɗaya. Cikinsu akwai dawa mai saurin nuna, akwai mai jiran ƙarshen damina, kuma a ido kusan ɗaya suke. Wanda ya shuka mai jinkiri a jigawa ya yi asarar shekara. "Mun yi gardama kwana biyu," in ji shi. "Muka kai mata tafi-tafi. Ta raba su gida biyu, ta ware ɗaya ta ce, wannan ba naku ba ne, wani ya sako shi. Ashe na surukina ne da ya ba ni ajiya."

An taɓa kawo mata wani Bature mai binciken iri. Ya zauna ya kalli yadda take jera kofuna, sai ya ce wa tafinta a ƙasarsu, Sikotlan, akwai mutanen da aikinsu ke nan: su jera kofunan wata barasa da ake yi da hatsi, wiski, su sansana, su kwatanta, su faɗi shekarun da ta yi a ajiye. Inna Kulu ta ce, "A'uzu billahi. Allah ya shirye su." Can kuma ta taɓa tafintan. "Tambaye shi, suna kurkure baki tsakanin kofi da kofi?" Ya ce suna yi. Ta ce, "To, ba su ɓata gaba ɗaya ba."

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne abin da aikin ya ci mata. Ba ta cin goro. Ba ta cin barkono. Tukunyarta dabam take ɗorawa tun mijinta yana da rai. A gidan biki, da zarar an kunna turaren wuta sai ta ɗauki mayafinta, don hayaƙin yana toshe mata hanci kwana biyu. Mata suka ce girman kai ne, sannu a hankali aka rage aiko mata goron gayyata. Mijin ya rasu, 'ya'yanta mata biyu suna aure a nesa. Aka wayi gari duk mai yin sallama a gidan nan da ƙullin hatsi yake zuwa. Ta san haka. Ta san kuma ranar da harshen ya tafi, sallamar ma za ta tafi.

Ke ce, Inna, kika ɗora wa kanki jarrabawar da ba wanda ya nema. Kowace Juma'a maƙwabciyarki Maijidda tana sassauya kofunan kina juye da baya, ki waiwayo ki faɗi na kowane buhu. Shekara da shekaru ba ki taɓa kuskurewa ba.

A daminar da ta wuce Inna Kulu ta yi zazzaɓi da mura na mako uku. Juma'ar farko bayan ta tashi, ta kuskure biyu cikin biyar. Juma'a ta biyu ta kuskure uku. Maijidda ta ce ta rasa yadda za ta yi, sai ta ce mata, "Kin ci duka, Inna."

"Maijidda, ba ki iya ƙarya ba. Muryarki ta hau sama kamar ta zakara."

"To ki yi shiru mana. Wa zai sani? Idonki da hannunki ma sun isa. In kika faɗa, wa zai ƙara leƙo ki?"

"Na sani," in ji ta.

Ranar Litinin Alhaji Badamasi, dillali daga Tudun Wada, ya zo da ƙulli biyar na masarar da zai saya mota guda. Akwai mutum huɗu a zauren. Ta fito ba ta karɓi ƙullin ba.

"Alhaji, ka kai wani wuri. Hancin ya tafi, harshen ya bi shi."

Ya yi dariya. "Haba Inna, rabin harshenki ya fi na duk kasuwa. Ki dai taɓa mana, albarkacin sabo."

"Rabin harshe shi ke sa a sha maganin ƙwari da bisimilla. Yaran wani za su sha kunun nan, ba ni ba."

Ta koma ciki ta wanke kofunan, ta kife su a kan faifai.

Wata biyar ke nan. Na tambayi Maijidda mutum nawa suka zo gaishe ta tun ranar. Ta ƙirga a yatsu, hannu ɗaya ya ishe ta. Inna Kulu ba ta yi mini ƙorafi ba. Abu ɗaya ta ce: duk macen da take son koyo ta zo, ta kurɓa ta faɗi abin da ta ji, ita kuma za ta gaya mata abin da yake nufi, don kan bai manta ba tukuna. Da zan tafi ta rako ni har bakin titi, nesa fiye da yadda ake raka baƙo. Motar da na shiga ta tashi, ita tana nan tsaye.

Inna, mun gode. Kin faɗi gaskiya a kan hatsin mutane shekara talatin da takwas, da aka zo kan harshenki ma ba ki sassauta ba, alhali kin san abin da zai biyo baya. Allah ya saka miki da alheri, ya ba masu awo, da masu magani, da mu masu rubutu, ƙarfin cewa "ba zan iya ba" ranar da ba za mu iya ba.

Ku kuma da kuka san ƙofar, har yanzu tana nan inda kuka bar ta. Ku je hannu sake, ba ƙullin hatsi.