Fuskar Gwaggo a Jikin Kwalba

Shekara arba'in Gwaggo Mai Igiya ta yi tana noman ciyawar teku. Ruwa na janyewa za ta tattare zani ta shiga har gwiwa, ta ɗaɗɗaura rassa a jikin igiyoyinta, bayan sati shida ta kwaso ta shanya a tabarmi. Gishiri ya tsattsage mata ƙafa, amma da ciyawar nan ta raini 'ya'ya biyar, har da ɗan ƙaninta maraya. Masifa kam akwai ta, sai dai ba a taɓa kama ta da ƙarya ba.

Wata shekara masu bincike suka zo sayen ciyawar. Suka ce akwai sinadarai a cikinta da ƙila su taimaki garkuwar jiki, amma ana kan gwaji. Ɗan ƙanin nan, wanda yanzu yake da shagon buga takardu, ya ɗauki "garkuwar jiki" ya bar "ƙila" a ƙasa. Ya niƙa ciyawar ya ɗura a kwalabe, ya manna takarda mai hoton Gwaggo: maganin kowace cuta.

Ita ba ta iya karatu ba, hoton ma burge ta ya yi. Sai ranar da ta kai ɗinki ta tarar da maƙwabcinta tela ya rame, yana ta tari a kan keken ɗinki, ga kwalbar kusa da almakashi.

"Malam, ina ƙwayoyin da aka ba ka a asibiti?"

"Na ajiye su, Gwaggo. Fuskarki na gani, na san ba za ki cuce ni ba."

Kunya da baƙin ciki suka rufe ta. Ba ta motsa ba sai da matarsa ta ɗauko ƙwayoyin ya haɗiye a gabanta. Daga nan ta wuce shagon ɗan ƙanin nata, ta zauna dirshan da bahon ruwa, tana jiƙa kwalabe tana ɓare takardun.

"Haba Gwaggo, kasuwa ce fa! Kowa haka yake yi."

"To ka manna fuskar kowa. Tawa ba za ta kai mutum kabari ba."

"Wallahi ba zan sake taka gidanki ba!"

"Ƙafarka ce."

Bai sake takawa ba, shekara uku ke nan, kuma abin yana cin ta, don a bayanta ya girma. Amma har yau in mai saye ya tambaye ta ko ciyawar na magani, cewa take yi, "Ana kan gwaji." Rigar da take shiga ruwa da ita kuwa, telan ne ya ɗinka mata bana.