Kalangun Baba Ɗanjimma a Shekarar Mura

Har yau ban manta da ranar da aka kawo Baba Ɗanjimma ɗakin shan magani na Bungudu ba. Damina ce ta 1957, shekarar da mura ta game duniya. Ina ɗalibi a makarantar duba-gari, aka turo ni sanin makamar aiki wurin Malam Bitrus, disfensa, wato mai duba marasa lafiya inda babu likita.

Aikina shi ne zaga unguwanni da sanarwa: a daina cunkoso, a raba mai tari da yara, wanda zazzaɓi ya kama a kawo shi. Na tsara maganata tsaf, sai dai Allah bai ba ni murya ba. A ƙauyen Furfuri na karanta ta har ƙarshe, masu saurarona awaki ne, da wata tsohuwa da ta tambaye ni ko ɓata na yi.

Shi Baba Ɗanjimma makaɗin mahauta ne. Ranar kasuwa yakan kaɗa kalangu a rumfar fawa don a san an yi yanka, a sallame shi da tsoka da 'yan kuɗi. Da ciwo ya yi yawa kasuwa ta daina ci, yanka ya tsaya, abinci ya yi wuya a gidansa. Matarsa Inna Hure ta ce ya rataye kalangun, ba ya ci, ba ya magana, wuni yake yana kallon bango. Abin da ya tsorata ta, ya fara cewa gara shi ciwon ya ɗauka, a bar masu amfani.

Malam Bitrus ya gwada zafin jikinsa, ya saurari ƙirji, bai sami komai ba. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce, “Ga mai magana ba murya, ga mai murya ba aiki.” A ranar ya roƙi hakimi a riƙa ba tsohon hatsi, shi kuma tsohon ya riƙa raka ni sanarwa.

Da ƙyar Baba ya yarda. Muka tsaya a bakin wata unguwa, ya fara kiɗa kamar an sa shi dole, hannu kuwa ya tafi inda ya saba, wato taken mahauta. Kafin in buɗe baki yara sun fito da kwanoni, magidanta na gyara hula. Wata mata ta leƙo ta saman zana ta ce, “Ɗanjimma, sa ne ko raƙumi?”

Cunkoson da na zo hanawa shi na tara. Na juya a ruɗe, sai na ga Baba yana dariya har da hawaye.

“Naman yau na kunne ne,” in ji shi. “Ku ja da baya, ɗan malam zai yanka muku.”

Daga nan na riƙa raɗa masa, shi kuma yana ɗagawa da gishirinsa. Batun raba mai tari da yara ya koma, “Tsoho, jikanka ba magani ba ne, sauke shi.” Washegari muka sauya take, muka riƙa bin lungu-lungu, kowa na ji daga ƙofar gidansa.

Bayan 'yan kwanaki Inna Hure ta dawo da ƙara. Ta ce ko mene ne muka ba shi a rage, don yana cinye tuwonsa ya leƙa na yara, ga surutu ya hana kowa sakat.

Ku ɗalibai da za ku fita aiki yanzu, ku gwada zafin jiki yadda aka koya muku. Amma in ba ku ga komai ba, kada ku sallami mutum sai kun tambaye shi sana'arsa, da ranar da ya yi ta ta ƙarshe.