Littattafan da Yaya Lawali Ya Aro a Katuru

Shekara takwas ke nan da muka kai wana Lawali makwancinsa a Kaura Namoda. Da damina nake ƙirgawa, don da damina ya tafi, gero ya fara fid da kai. Ban taɓa rubutu a jarida ba, kuma ba ni da niyyar mayar da shi sana'a. Sunana Mande, direba ne ni, ina jigila tsakanin Kaura da Shinkafi, bokona a aji uku na sakandare ya tsaya. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na ji a rediyo cewa jami'ar da Lawali ya yi wa aiki har ƙarfinsa ya ƙare ta yi bikin buɗe shafin intanet na ɗakin karatunta. An yanka ƙyalle, an sha lemo, an yabi juna. Na kasa kunne har labarin ya ƙare, ban ji sunansa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba zan kira sunan jami'ar ba, sun san kansu.

Amma kada a ɗauka yabo na zo nema masa. Mamaci ba ya cin yabo, addu'a yake buƙata. Abin da ya hana ni sakat littattafan mutane ne da Lawali ya aro, ya mutu bai mayar ba, kuma har yau suna hannun jami'ar nan.

A gidanmu shi kaɗai ya yi nisa a boko. Mahaifinmu, Malam Garba, manomi ne daga Dauran, ya raba mu biyu: shi ya ci gaba da makaranta, ni na koma gona, daga gona na faɗa tasha. Lawali ya ƙare a ɗakin karatu na jami'a, kuma tun kafin mutane su san ana riƙe duniya a tafin hannu yake damun kowa da maganar shafin intanet. Ya ce ɗalibi yakan ɓata yini yana laluben littafi ɗaya a cikin akwatunan kati, a ƙarshe a ce masa wani ya ɗauka. Wata rana ina sauya taya a tasha, ya tsuguna kusa da ni da fararen kayansa yana yi mini bayani. Ya ce, "Mande, shafi ƙofa ce kawai. Abin da ke bayanta shi ne magana. Rumbu ne irin na Baba, sai dai maimakon dammunan gero, bayanai ne a ciki. Ɗalibi ya rubuta sunan littafi, rumbu ya gaya masa akwai ko babu, kantar da yake, wanda ya ara, da ranar da zai dawo da shi." Na ce, "To, waɗanda ke wannan aikin da hannu fa, sai a kore su ke nan?" Ya yi dariya ya ce, "Kai dai ko a cikin masallaci sai ka hango ɓarawo."

Da a nan ya tsaya, da yau ba ni da abin rubutawa. Sai ya ce bai yarda a cika rumbun da littattafan Turawa kaɗai ba, alhali ga gidajen malamai a ƙauyukanmu cike da rubutun hannu na kakanni, na fiƙihu da na magani da waƙoƙin wa'azi cikin ajami, suna kwance a gafaka gara tana ci. Shirinsa ya aro su, a ɗauki hotonsu shafi bayan shafi, a zuba a rumbu da sunan wanda ya rubuta da sunan gidan da ya fito, sannan a mayar wa kowa kayansa. Sai dai shi ya daɗe da barin gida, mutane sun san sunansa, ba su san fuskarsa ba. Ni suka sani. Ni ke kai matansu asibiti, ni ke kai buhunansu kasuwar Shinkafi. Saboda haka ni na tuƙa shi, ni na yi sallama a ƙofar kowane zaure, a Katuru da Jangeru da Dauran, na ce wannan wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Mafi yawan littattafan daga hannun Malam Sahabi na Katuru suka fito, dattijon da ya gaji makarantar zaure daga mahaifinsa. Ya shiga ciki da kansa, ya fito rungume da gafakar jar fata kamar mai ɗauke da jariri. A nan ne aka yi abin da ɗan birni ba zai gane ba. Lawali ya zaro takarda zai rubuta masa shaidar karɓa, sai fuskar tsohon ta canza. A wurinmu, ka karɓi takarda daga hannun ɗan mutumin da ka sani, ka ce masa ɓarawo ke nan. Ya ture ta da bayan hannu ya ce, "Ni da ɗiyan Malam Garba? In kun ci amana, mi takarda za ta yi mani? In ba ku ci ba, mi za ta yi mani?" Lawali ya ninke ta cikin kunya ya mayar aljihu. Ni ma na harare shi, ina jin ya ba da mu. Daga ranar bai sake fito da takarda a gaban kowa ba.

Na'urar ɗaukar hoton da aka yi masa alkawari ba ta zo da wuri ba. Yau a ce kwangila, gobe a ce kwamiti. Littattafai na kulle a kabad ɗin ofishinsa, ciwo ya kama shi, ya kwanta, bai tashi ba. Ranar jana'iza, kafin a tayar da salla, liman ya yi tambayar da aka saba: duk mai wani haƙƙi a kan mamaci ya faɗa. Sai na ji muryar Malam Sahabi daga sahu na baya, ya taso tun daga Katuru a kan babur. Ya ce, "Littattafan kakana na wurinai." Bai faɗa don ya tozarta mu ba, tsoro yake kada a rufe bawan Allah da nauyi a kansa. Na juya a gaban jama'a na ce, "Na ɗauka, Allah gafarta Malam." Mutanen Jangeru da Dauran ba su ce komai ba don kara, amma na san da nasu na ɗauka. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Tun daga lokacin nake sintiri a jami'ar nan, in ajiye mota, in rasa lodin yini, in je in zauna a kan benci. Oga ya fita. Oga yana taro. Oga ya yi ritaya, sabon bai gama karɓar aiki ba. Da na samu ganin sabon, mutum ne mai fara'a, ya ba ni ruwa mai sanyi, ya yi wa Lawali addu'a, sannan ya ce in kawo shaida a rubuce cewa aro ne ba kyauta ba. Na ba shi labarin takardar da aka ture, ya yi murmushi irin na wanda ake ba tatsuniya. A hanyar fita na wuce wani ɗaki da suke kai baƙi, sai ga gafakar jar fata a cikin akwatin gilashi, an haska mata fitila. Na tsaya har mai gadi ya ce in matsa. Ana cewa baƙi daga nesa suna zuwa kallo, ana cewa da hotunan littattafan nan ake neman tallafi. Ban gani da idona ba, ba zan rantse ba. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma ban taɓa ganin an haska wa abin da ba shi da amfani fitila ba.

Da na ji labarin bikin, na nemi inda sabis ke kamawa, na buɗe shafin da kaina, bokona ya isa wannan. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: abin yana aiki. Na rubuta sunan wani littafin lissafi da na tuna tun muna sakandare, nan take ya fito, da kantarsa, da cewa yana hannun wani ɗalibi. Daidai yadda Lawali ya faɗa yana tsugune kusa da tayata. Sai da na share ido. Daga nan na shiga ɓangaren rubutun hannu. Ga littattafan da muka aro nan, an ɗauki hotonsu bayan rasuwarsa, tas, har inda tawada ta ɗiga ana gani. Na duba gurbin mai littafi, an rubuta ɗakin karatu. Na duba na biyu, ɗakin karatu. Babu Katuru, babu Jangeru, babu sunan kakan kowa. Wato rumbun da ya san ɗalibin da ya riƙe littafi ya wuce ƙa'ida har ya ci shi tara, shi ne bai san littattafan da ɗakin karatun kansa ya aro shekara da shekaru ba.

Nakan tambayi kaina, da Lawali zai leƙo yau, me zai ce? Na san da farko zai yi murna kamar yaro ranar salla, ya yi ta danne-danne yana kiran kowa ya zo ya gani. Na san kuma zai ce mini, kamar yadda ya saba, na'ura ba ta ƙarya, abin da aka zuba mata take fitarwa. To ai maganata ke nan, Yaya. Wa ya zuba? Hannun wa ya tsallake sunayen? In mantuwa ce, me ya sa kullum mantuwar manya wajen aljihunsu take gangarawa? Zai kuma tambaya ko 'ya'yan manoman da aka yi abin dominsu suna samu. Sai in ce masa in suna cikin makaranta suna samu, in sun dawo gida hutu sai sun hau tudu suna ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa. Ban san ko zai ci gaba da ce mini mai zargi ba. Shi mutum ne da ya yarda da mutane, kuma da wannan yardar aka ba shi abin da ba a ba kowa.

Akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, kuma rashin adalci ne in ɓoye ta. Kowa ya san halin da yankinmu ya shiga a shekarun nan, ƙauyuka nawa aka tasa, gidaje nawa aka bari da kaya a ciki. Wani daga cikin waɗanda suka ba mu aro, daga wajen Jangeru, ya shiga motata kwanaki, yanzu a Kaura yake raɓe da iyalinsa. Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni ya ce, "Bar su can, Mande. Da suna gida, da sun tafi tare da ɗakin." Watakila Lawali ya ceci abin da bai san yana ceto ba. Amma wannan mutumin da bakinsa ya faɗa, kuma kayansa ne. Ajiya daban, riƙewa daban. Bambancin kawai a tambayi mai abu, kuma ba wanda ya taka zuwa Katuru ya tambaya.

Watan jiya na je gaida Malam Sahabi. Ya tsufa ƙwarai, a kan buzu na same shi, ɗalibansa sun ragu. Na buɗe masa hoton da na adana a waya, na miƙa masa. Ya kai ta kusa da ido, ya daɗe yana kallo, leɓensa na motsi. Ya ce, "Hannun kakana ne, ba shakka." Sai ya kai wayar hanci ya shinshina, ya miƙo mini. "Ba ya ƙamshin komi. Kai Mande, in anka ɗauke maka mata anka ba ka hotonta, shi za ya tuƙa maka tuwo?" Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya kama hannuna ya ce, "Lawali na yafe mashi tun ranar da munka rufe shi, ya kwanta lafiya. Amma littafi ba nawa ba ne ni kaɗai. Gado ne, akwai marayu ciki. Ni ma aro aka ba ni, kuma an kusa tambayata."

To, in aka ce in auna abin da Lawali ya bari, ga shi. Ya bar rumbun da ɗaliban da ba su taɓa jin sunansa ba ke ɗiba kullum, ina roƙon Allah Ya sa ladan ya riske shi. Ya bar rubutun kakanni a inda wuta da gara ba su kai. Ya kuma bar aro, kuma ba a yin sadaka da kayan wani, komai kyan niyya. Ku masu jami'a, hotunan ku riƙe, don haka aka ɗauke su. Ku rubuta sunan kowane gida a inda kuka rubuta naku. Wanda ya ce a ajiye masa ku ajiye, wanda ya ce a kawo ku kawo, motata na nan, ba zan karɓi kuɗin mai ba. Kun ce in kawo shaida a rubuce, ba ni da ita, kuma ba zan ƙirƙira ba. Abin da nake da shi tsoho ne a kan buzu a Katuru, kuma ba zai daɗe yana jira ba.

Allah Ya jiƙan Yaya Lawali, Ya haskaka kabarinsa. Shi an yafe masa, na ji da kunnena. Ni ba a yafe mini ba, kuma ban roƙa ba.