Ranar da Na Fitar da Iya daga Ɗakinta

Wata Laraba a farkon watan Agusta, ina aji huɗu a firamaren ƙauyenmu da ke gefen Tsanyawa, hedimasta ya fito da mu fili ya zaunar da mu a gindin darbejiya. Wani ma'aikacin ƙaramar hukuma ne ya zo a kan babur, wandonsa duk taɓo. Ashe an shirya da makarantu cewa kowace damina za a riƙa turo mutum ya koya wa yara yadda ake kauce wa haɗarin ruwa. Mun zaci dogon jawabi zai yi, har wasu sun fara gyangyaɗi tun bai buɗe baki ba. Sai ya sa muka kwaɓa ƙasa, ya gina ɗan bango, ya ɗauki butar hedimasta yana tsiyaya ruwa a gindinsa a hankali. Can bangon ya tsage, ya karkace, ya zube, muka kwashe da dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Bango ba ya faɗuwa sai ya yi sallama." Sallamar kuwa ita ce gindi ya jiƙe, tsaga ta fito, ƙasa ta riƙa zubowa daga rufi, ƙofa ta ƙi rufuwa.

Da ya ambaci ƙofa gabana ya faɗi, domin ƙofar kakata Iya sai an sa mata kafaɗa take rufuwa, kuma ni ne mai sa kafaɗar. A wurinta nake cin ɗumame da safe kafin in kai awaki turke, a wurinta nake ɓuya in na tsere wa korar tsuntsaye a gonar gero na tafi langa. Sunan mijinta marigayi aka sa mini, don haka ba ta taɓa faɗin sunana ba. Maigida take kirana, ni kuma in ce mata amarya, in yi mata tsiyar rashin haƙora, ta rama da cewa ta gaji da mijin da ko kuɗin cefane ba ya bayarwa.

Na dawo gida na zagaya bayan ɗakin, na tarar gindin ya sha ruwa ya yi baƙi, ga tsaga har yatsana na shiga. Na gaya wa Baba, ya ci gaba da gyara ƙotar fartanyarsa. Ya riga ni gani, amma wane shi ya ce wa mahaifiyarsa ta fita daga ɗakin da mahaifinsa ya gina mata da hannunsa? Ya taɓa zagaya maganar sau ɗaya, ta yi kamar ba ta ji ba, shi ke nan kunya ta rufe masa baki. Da na faɗa mata da kaina, sai ta ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Marka kuwa ta sauka, ruwa ba dare ba rana, ni tsoro ya hana ni sakat.

Ran Juma'a da hantsi na shiga ɗakin ba sallama, na naɗe tabarmarta, na ɗauki carbinta da ƙwaryar goronta. Na murtuke fuska na ce, "Amarya, na sake miki ɗaki. Ki tashi ki bi mijinki." Hawaye kuwa na neman tona ni. Ta daɗe tana dubana. Daga nan ta ja sandarta ta miƙe tana cewa, "To Maigida, tunda kai ka faɗa." Muka koma da ita ɗakin mahaifiyata Inna mai rufin kwano, Baba na tsaye a zaure ya juya baya, kamar ba da shi ake ba.

Ɗakin bai faɗi nan da nan ba, na kuwa sha tsiya a wurin Iya. Kullum sai ta leƙa ta ce ga ɗakinta nan daram, miji ne kawai ya raba ta da shi don mugunta. Sai da ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe, muna gona wajen azahar, muka jiyo wata ƙara mai nauyi. Muka rugo muka tarar rufin ya rufta daidai inda take shimfiɗa ta yi sallah. Tana zaune a bakin ƙofar Inna tana kallon ƙasar tana kuka a hankali, na san kuma ba kayan ɗaki take yi wa ba. Na zauna kusa da ita, ta dafa kaina. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar na wannan rana ba.

Yanzu rabin ƙauyen bulo ne da kwano, gargaɗin ambaliya kuma ta rediyo da waya yake zuwa. Iya ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Inna ce tsohuwar gidan yau, tana da nata taurin kan, ni kuma na zama Baba, mai ganin abu ya yi shiru. 'Ya'yana a Kano suka tashi, in mun je hutu su durƙusa su gaishe ta da ladabi, su koma gefe. Nakan so ɗaya daga cikinsu ya yi mata tsiya ko sau ɗaya ne. Akwai maganar da sai jika ke iya faɗa.