Shayin da Aka Cika wa Tursunboy

Tursunboy mai rabon ruwa ne a wani ƙauye na kwarin Fargana. Tun yana saurayi shi ke buɗe wa wannan gona ruwa ya toshe wa waccan, gabas na zaginsa yamma na sa masa albarka, washegari su yi musanye. Da ciwon daji ya kama hantarsa, magunguna suka gaza, zagin ya tsaya cak. Har gaishe shi ake yi da ladabi. Wannan ya fi ciwon tsorata shi.

A birnin Tashkent, Likita Dilrabo ta ce ana gwajin wata allurar rigakafi ta DNA.

"Baba, ƙarin nan sababbin jijiyoyi yake haƙa wa kansa yana zuƙar jininka. Allurar za ta koya wa sojojin jikinka su gane su, su datse. Gwaji ne fa, ban yi alkawari ba."

"'Yata, ki ce ɓarawon ruwa ne kawai. Na san danginsa. Soka!"

Matarsa Holida ta ce, "Baban yara, kai da ke rufe ido in ana yi wa saniya allura?"

Duk lokacin sanyi suna zirga-zirga. Ranar jin sakamako, Dilrabo ta zaunar da su, ta ɗauki butar shayi, ta cika masa kofi har yana tsiyaya. A al'adarsu kuwa, baƙon da ake so ɗan kaɗan ake zuba masa don a yi ta ƙarawa. Cikakken kofi sallama ce. Tursunboy ya dubi kofin. Ya miƙe, ya gyara hula.

"Na fahimta, 'yata. Uwar yara, tashi mu je in mutu a gida."

"Ina za ka, Baba? Murna ce ta sa hannuna rawa!" Dilrabo ta ɗaga hoton cikinsa. "Duba, jijiyoyin sun ƙafe, ƙarin ya motse."

Holida ta fashe da kuka tana dariya. "Ji tsohon nan, shayi zai binne shi!"

Tursunboy ya juye kofin cikin buta, ya koma ya harɗe. "To, sake zubawa. Kaɗan-kaɗan, ba sauri nake ba."

Da dusar ƙanƙarar kan duwatsu ta narke, shi ya buɗe ruwan farko. Kafin azahar wani maƙwabci ya ɗaga murya ya kira shi azzalumi. Tursunboy ya jefar da shebur, ya tsallaka magudana, ya rungume shi.