Kumatun da Na Yi Ta Alfahari da Su

Shekarar da sojoji suka koma bariki, ina koyarwa a wata firamare a Ƙofar Guga, ga goyon fari, ga ji da kai. Gani nake tunda ina iya karanta takardar cikin kwalin magani, bambancina da likita farar riga ce kawai.

Ni na fara fama da ƙaiƙayi a hannu, fatar ta yi ja tana saɓa. A asibiti aka rubuta mini wani man shafawa, likita ya ce in shafa kaɗan, mako biyu, in daina. Kwana uku abin ya kwanta. To da 'yata mai wata biyar ta yi ƙuraje a wuya da matsematsi, ban tambayi kowa ba. Na matse ragowar maganin a cikin man kaɗanya, yadda muke haɗa mai a gida, ina mulke ta da shi safe da yamma, in ɗaura nafkin a kai. In na tsaya ƙurajen su dawo, sai in biya kemis in sayo wani.

Cikin wata huɗu yarinya ta yi kumatu, ta yi haske. Surukata ta zo daga Batagarawa, ta ce lallai nonona da albarka yake. A gidan suna mata na karɓarta hannu-hannu, ni kuwa baki har kunne. Har na ɗibar wa maƙwabciyata haɗin a gwangwani.

Ranar awo, malamar asibiti ta lura fuska da ciki ne kawai suka cika, ƙafafu sirara, tsawo bai ƙaru ba. Ta kira likita, ya tambayi abin da nake shafa mata. Wallahi da murmushi na ciro shi daga jaka. Sai ya ce wannan ba ƙiba ba ce, ciwo ne. Man na manya ne mai ƙarfi, fatar jinjiri na shanye shi ya shiga jini, nafkin kuma na ƙara masa ƙarfi. Innalillahi! Na ce yau zan jefar da shi, ya ce kul, tsayarwa farat ɗaya na iya halaka ta, su za su janye shi a hankali. Daga can gidan maƙwabciyata na wuce ina kuka, na karɓe gwangwanin.

Allah ya rufa asiri, ta warke. Amma na gane rashin sani ya fi dare duhu, musamman ga mai ganin ta sani. 'Yan'uwa, man da aka rubuta miki naki ne, na wurin da aka ce, na kwanakin da aka ce. Kada ki haɗa shi da wani mai, kada ki bayar, kada ki shafa wa jinjiri sai likita ya gan shi. 'Yata ta girma, har yanzu da nankarwa a cinyoyinta. Ta ɗauka da ita aka haife ta, ni kuma na kasa faɗa mata.